Ranar da Nafi'u Ya Ɗaure Kabad ɗin Inno

"Kwana tara suka ba mu, Yaya Nafi'u. Kwana tara kacal."

Muhsina ce ke magana, tana tsaye jikin ƙyauren gidan ma'aikata da suka shekara goma sha shida a cikinsa a Kazaure. Takardar tashi na hannunta, ta nannaɗe ta ta warware har ta yi laushi. Wata biyar ke nan da rasuwar mahaifinta. Inno, mahaifiyarta, ba ta daɗe da fita takaba ba, sai ga takarda cewa an ba wani ma'aikaci gidan. Za su koma gidan gado, can wani ƙauye gab da Gwiwa.

Nafi'u ya gyara tsayuwa jikin babur ɗinsa. Daga kasuwar hatsi ta Babura ya taho kai tsaye, ƙaiƙayin gero na nan a wuyan rigarsa.

"To mene ne abin kuka? Kaya ne, a kwashe su."

"Ukasha ya je wurin Baffa."



Ukasha ma'aikaci ne a Dutse, yana da mota, yana da gida a Kazaure, kuma shekara guda ke nan yana neman Muhsina. Baffa Muhammadu Lawal, wan mahaifinta, wanda aurar da ita ya dawo hannunsa, bai taɓa ɓoye wanda yake so ba.

"Ya ce zai kawo kamfanin kwasar kaya daga Kano," in ji Muhsina. "Babbar mota mai rufi, da ma'aikatansu, da kwalaye, komai sai sun naɗe shi da soso. Ya ce ko tsinke kada mu ɗaga."

"Shi zai biya?"

"Shi zai biya. Yaya Nafi'u, ka san abin da ake nufi. In motar nan ta tsaya a ƙofar gidan nan, unguwa ta gani, an gama magana. Da wane baki Inno za ta ce a'a bayan ya kwashe mana kaya?"

Hawaye suka zubo mata. Ta sa gefen mayafi ta share, wasu suka biyo.

"Inno me ta ce?"

"Ta aika Adda Fatu wurin Baffa, ta ce a dakata, a fara jin ta bakin mutumin Babura."

Mutumin Babura. Haka Inno ke kiransa. Shekara biyu yana zuwa gidan, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yarda sun haɗa ido ba. In ya durƙusa gaisuwa, daga bayan labule take amsawa, in kuwa a tsakar gida ya riske ta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya bango. Saƙo tsakaninsu sai ta bakin yayarta Adda Fatu. Muhsina 'yar fari ce, ita ma Inno ba ta faɗin sunanta, balle ta zauna hira da wanda zai aure ta. Wannan kunyar ita ce dukiyar Nafi'u a gidan. Duk ranar da Inno ta juya masa baya, yakan koma Babura da farin ciki, don mace ba ta jin kunyar kowa haka sai wanda ta ɗauka suruki.

"Share hawayenki," ya ce. "Ni zan kwashe."

"Kai kaɗai?"

"Ni da abokina Maikasuwa da wasu biyu. Ubangidana zai ba ni aron motarsa ta kaya, kanta. Shekara goma sha ɗaya ina lodi, Muhsina. Buhu ɗaya bai taɓa faɗo mini a hanya ba."

"Ina jin tsoro."

"Tsoron me?"

"Ban sani ba. Tun da Baba ya rasu duk abin da na riƙe sai ya kuɓuce mini. Kai kaɗai ka rage."

Washegari da hantsi ya sami Baffa a kan dakalin ƙofar gidansa. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Baffa ya tanka yana jan carbi.

"Kamfani sun ce dubu ɗari da tamanin. Kai nawa ne naka?"

"Allah ya ƙara girma, kuɗin mai ne kawai, kuma ni zan zuba."

"Arha ke nan." Baffa ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Su in abu ya fashe a hannunsu, sun rubuta za su biya. Kai fa?"

"Ba abin da zai fashe, Baffa."

"Ka ce in sha Allahu."

"In sha Allahu."

"To saurara, Nafi'u. Ni ba na yi wa yarinya dole, ta yi karatu, tana koyarwa, ta mallaki hankalinta. Amma ka sani, uwarta ce kaɗai ta tsaya maka. Ita ta hana ni amsa wa Ukasha. Ina ganin girmanta don marainiyar da take riƙe da ita. Ranar da ta sake ka, ni na gama, kuma na san yarinyar nan ba za ta tsallake uwarta ba."

"Na ji, Baffa."

"Je ka kawo motarka."

Ranar Asabar tun da sassafe kanta ta tsaya a ƙofar gidan. Adda Fatu ba ta nan, tun jiya ta wuce ƙauye don ta share ɗakuna ta kunna turare.

Aiki ya kankama. Wanda bai taɓa ganin ɗan Babura yana lodi ba, bai ga lodi ba. Waɗanda suka tsufa a tasha, suka ga kifewar mota suka tashi da ƙafarsu, da kallo ɗaya suke gane hannun da ya iya, kuma hannun Nafi'u ya iya. Gadaje aka kwance aka jera a ƙasa. Turmi da buhunan abinci a saitin tayoyin baya. Kujeru baki da baki. Tukwane cikin tukwane, tabarmi a cusa a duk inda ya bar kafa. Ko yatsa ba za ka zura ba.

Ana cikin haka wata farar mota ta tsaya. Ukasha ya fito cikin shadda mai ruwan toka, ya yi sallama, ya miƙa wa kowa hannu.

"Malam Nafi'u, sannu da aiki."

"Yauwa."

"Na ji an ce kai ka karɓi kwangilar." Ya ɗaga kai ya dubi lodin. "Akwai kwalaye a but ɗin motata, da soso. Ko su ne ka karɓa, ba don ni ba."

"Mun gode. Muna da abin da ya ishe mu."

"Kayan mata fa ba gero ba ne."

Maikasuwa, abokin lodin Nafi'u, ya leƙo daga saman mota. "Yallaɓai, matsa kaɗan, kada ƙura ta ɓata maka guga."

'Yan dako suka kwashe da dariya. Ukasha bai yi fushi ba. Ya dubi Muhsina da ke tsaye a zaure da tsintsiya, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce Allah ya kai lafiya, ya shiga motarsa.

Abu ɗaya ya rage a ɗakin Inno: kabad.

Dogon kabad ne na katako, samansa gilashi, ƙasansa ƙofa biyu a kulle. An manna tsohon zane daga ciki ya rufe gilashin, ba a ganin komai. Maikasuwa ya sa kafaɗa ya gwada, ya saki.

"Kai! Wannan da kaya a cikinsa. Nafi'u, tambayi masu gida a buɗe a rage."

Nafi'u ya waiwaya. Inno na tsugune a gindin bango tana ɗaure wani ƙullin tsumma, ta ba su baya, mayafi har goshi. Ta ji maganar. Hannunta ya tsaya a kan ƙullin, bakinta ya motsa, amma ba ta juyo ba.

Ya dubi Muhsina. "Kabad ɗin nan…"

"Na Inno ne," ta ce da sauri, ta sunkuyar da kai, ta shige madafa.

A nan zuciyarsa ta ba shi. Kabad a kulle, a ɗakin uwar da ke da 'ya ta isa aure, me za a ɓoye a ciki in ba kayan ɗakin amarya ba? Shi kuwa da wane ido zai ce a buɗe? A ce tun ba a ɗaura ba yana leƙen abin da za a kai masa? A gaban Inno? Kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi.

"Katakon da ne," ya ce wa Maikasuwa. "Haka suke da nauyi. Ku kama."

Su huɗu suka ɗaga. Ya tsayar da shi a tsaye bayan kan mota, ya sa katifa ta dama, katifa ta hagu, ya zagaya masa igiya sakwa-sakwa yadda ba za ta matse shi ba. Gaskiya ɗaya ce, ko mutanen Kano iyakar abin da za su yi wa jikinsa ke nan.

Inno da Muhsina suka shiga motar da Baffa ya ɗauko shata, suka yi gaba. Inno ba za ta zauna kusa da suruki a gaban kanta ba ko da ƙafa za ta tafi. Da za su wuce, Muhsina ta ɗago ido ta taga. Ya ɗaga mata hannu, ya daki ƙirjinsa.

Ya tuƙa a hankali. Duwatsun Kazaure suka koma baya. Har suka shiga Roni ko cokali bai yi ƙara ba, Maikasuwa ma har ya soma tsokanarsa.

"Ango, in an ɗaura ni ne babban aboki, ko shi ma kamfani za ka ɗauko daga Kano?"

Suna fita Roni gari ya canja. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso tana kwantar da dawa a gonaki. Nafi'u ya gangara gefen hanya ya taka birki.

"Tamfol! Ku yi sauri, katifun Inno!"

Suka haye. Iska ta fizge tamfol ɗin daga hannun mutum biyu, ta cika shi kamar za ta tashi da motar. Ɗigon farko ya sauka, manya-manya. Maikasuwa na ihu daga wancan gefen, ba a jin abin da yake cewa. Nafi'u ya wurga doguwar igiya ta saman lodin, aka cafe, aka ɗaura a ƙugiya, aka dawo masa da ita. Tamfol na ta bugawa. Ya zaro guntun icen da ba ya rabo da shi, ya zura tsakanin igiya biyu, ya murɗa.

Haka ake ɗaure hatsi. Ana murɗawa har sai igiya ta yi kuka in an taɓa ta, don buhu yana lotsawa, in ka bar masa sarari zai zame. Hannun da ya shekara goma sha ɗaya yana wannan ba ya jiran kai ya ba shi umarni. Murɗa ɗaya. Biyu. Ruwa na dukan fuskarsa. Bai tuna ba cewa abin da ya fi komai tsayi a ƙarƙashin tamfol ɗin nan, wanda igiya ta hau kansa, ba buhu ba ne.

A ta uku ya ji ƙas.

Ya dubi icen hannunsa. Ya ɗauka shi ne ya tsage. Ya soke shi a igiya, ya diro, suka shige mota jiƙe sharkaf.

Daga inda suka saki kwalta zuwa ƙauyen, burji ne, ruwa ya cike ramuka ba a gane zurfinsu. Motar na faɗawa tana fita. Ruwan da ke dukan rufi ya hana su jin komai daga baya.

La'asar ta yi lokacin da suka isa, ruwa ya ɗauke. Baffa na tsaye a ƙofar gida da dattawan dangi. Mata sun cika zaure suna leƙe. Adda Fatu ta fito tana tafa hannu.

"Sannunku da hanya! Ka ga ɗan halak, ko ɗigo bai taɓa kaya ba!"

Nafi'u ya ji daɗi har cikin ransa. Ya gaida Baffa, ya haye mota, ya zare icen, igiya ta saki. Suka yaye tamfol.

Maikasuwa ne ya fara gani. "Innalillahi."

Saman kabad ɗin ya lotsa ciki, igiya ta nutse a cikinsa. Gilashin babu. Da aka janye katifar dama, ƙofar ƙasa ta buɗe da kanta, abin da ke ciki ya kwararo kan ƙarfen mota, wani ya gangaro har ƙasa. Ya daɗe yana zuba. Tangaram farare masu bakin zinare, kofuna, kwanukan gilashi masu murfi, duk sun zama tsakuwa, gauraye da tsofaffin ɗankwalaye da aka cusa a tsakaninsu.



Adda Fatu ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Halima! Wayyo ƙanwata! Tun yarinyar nan na aji ɗaya take tara su, da kuɗin saƙar hula! Har da waɗanda marigayi ya riƙo a cinyarsa daga Makka!" Ta juya kan mata. "Ba wanda ya gaya masa? Duk gidan ba mai baki?"



Baffa ya matso, ya ɗauki guntun faranti ɗaya, ya juya shi, ya ajiye.

"Da bare ne," ya ce a hankali, "da ya ce, Hajiya me ke ciki, a buɗe. Da an buɗe masa. Abin da ake biya ke nan."

Ya koma ya zauna a tabarma.

Nafi'u ya sauko. Ya zagaya ɗaya gefen motar inda ba idon mutane, ya jingina da taya. Can ya ji shessheƙa. Muhsina ce ta biyo shi, idanunta sun kaɗa.

"Muhsina, zan saya. Wallahi zan saya. Akwai geron da na ajiye, gobe zan fitar da shi, in tafi Kano…"

"Ka sayo wanne? Wanda Baba ya riƙo?"

Ta share ido, ta ci gaba.

"Kullum in ta share ɗaki sai ta buɗe ta goge su ɗaya bayan ɗaya. Tana zaton ban sani ba. Bayan rasuwar Baba ma, da dangi suka ce a sayar da wasu abubuwa, ta ba da keken ɗinkinta, ta hana a taɓa kabad ɗin." Kuka ya ci ƙarfinta. "Laifina ne. Ka tambaye ni. Kalma biyu ce, Yaya Nafi'u, in ce da tangaram. Bakina ya yi nauyi. Na kasa cewa kayan aurena ne a gabanka, a gabanta."

"Ba laifinki ba ne. Na sani. Tun a ɗaki na gane abin da ke ciki."

Ta ɗago. "Ka gane?"

"Na gane. Na ji kunyar a buɗe."

"Ka gane, kuma ka murɗa masa igiya?"

"Ruwa ne, Muhsina. Katifu nake ji. Hannuna ne ya…" Ya dubi tafin hannunsa, igiya ta yi masa jan layi. Hawaye ya sauko masa, bai share ba. "Da na karɓi kwalayen mutumin nan."

"Kada ka ambace shi."

"Ki gaya mini abin da zan yi. Ko me kika ce."

"Ka je ka durƙusa a bakin labulenta. Ka sa Adda Fatu ta ba ta haƙuri. Inno tana son ka, wallahi tana son ka. Ko jiya da ta dafa dambu sai da ta ce a ajiye wa mutumin Babura. In dai ta amsa daga bayan labule, ko da faɗa ne, to da sauran magana."

Bai kai ga ɗaga ƙafa ba, sai aka ji motsi a zaure. Mata suka dare gida biyu.

Inno ce ta fito.

Ta tsaya a bayan mota ta dubi tarin da ke ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta zaro wani ɗankwali daga cikin fasassun, ta kakkaɓe, ta ninke. Sannan ta zagayo inda suke.

Nafi'u ya zube ƙasa kan gwiwoyinsa a cikin taɓo, ya sunkuyar da kai yana jiran ta juya baya yadda ta saba.

Ba ta juya ba.

Da ya ɗaga ido, mayafinta na kan kafaɗa. Fuskarta a buɗe. Bai taɓa ganinta sosai ba sai yau: doguwar fuska irin ta Muhsina, ido ya faɗa don kukan wata biyar. Tana kallonsa kai tsaye.

"Nafi'u."

Sunan ya faɗo masa kamar dutse. Adda Fatu ta toshe baki da hannu. Baffa ya daina jan carbi.

"Nafi'u, sannu da ƙoƙari. Ka wahala, kai da abokanka. Ban riƙe ka da komai ba, ƙaddara ce. A sauke sauran, ku sha ruwa ku kama hanya. Babura da nisa."

"Inno…" ya ce. "Inno, ki yi mini faɗa. Ki sa a zage ni."

"Faɗan me? Taimako ka yi."

Muhsina ta yi ƙara ta faɗi, ta rungume ƙafafun uwarta, taɓo ya ɓata mata zane.

"Inno, don Allah! Don darajar Baba! Ki ja mayafinki! Ki juya masa baya, Inno, ki rufe fuskarki!"

Ta miƙa hannu tana laluben gefen mayafin, tana ƙoƙarin ja mata shi sama da kanta. Inno ta riƙe hannun, ta sauke shi a hankali.

"Tashi ki shiga ciki, mutane na kallo," ta ce. "Kunyar me zan ji? Ai baƙo ne."